Ɗinkin Duna

Duna kare ne mai gadin gidanmu a unguwar Ɗan Iya. Bayan likitan dabbobi ya cire masa ƙari a ciki, sai ɗinkin ya ruɓe. Har yau hancina bai manta warin ba.

Gab da la'asar Baba ya sa aka kira likitan, ya tare shi da faɗa a tsakar gida.

"Ka ɓata aiki, Likita! In karen nan ya mutu, kai ka kashe shi."

Likitan ya durƙusa ya duba. "Alhaji, na ce a riƙa wanke ciwon da ruwan gishiri. Ana yi?"

"Ana yi mana. Da buta muke zuba masa daga tsaye. Mu masu salla ne, wa zai taɓa kare?"

Da farko likitan ya naɗe hannun riga, sannan ya matse mugunyar, ya wanke, ya ɗaure, Duna yana lasar hannunsa. Ya ce in aka yi haka kullum zai tashi. Daga nan ya wanke hannunsa, ya yi alwala.

"Alhaji, mu tafi, kada jam'i ya wuce mu."

Baba ya bi bayansa, kai a sunkuye. Yau na haura shekarun Baba na lokacin, amma in na tuna, ni ma sunkuyawa nake.