Ƙwaryar da Kawu Ya Adana a Rumbun Albasa

Kawuna mai zanen ƙwarya ne a Aliero, da wuƙa mai zafi yake ƙona ado a bayanta. Ba abin da yake tsoro kamar gara da laima, don sun sha ɓata masa aikin da ya gama.

Wata Bafulatana mai sayar da nono a kasuwar Jega ta sa ya yi mata babbar ƙwarya. Da ya gama, sai ya kife ta a rumbun albasarmu, domin iska na ratsa wurin, kuma a cewarsa ƙwaro ba ya shiga.

Ranar da ta zo karɓa, bayan la'asar, ni aka aika na ɗauko. Ta juya ƙwaryar, ta yaba zanen, sannan ta kai ta hanci.

"Malam, nono ni ka saidawa, ba miya ba," in ji ta.

"Amma dubi, ko huda guda babu," Kawu ya ce.

"Na gani. Wa ka shan hura da albasa?"

Ya wanke ta da toka a gabanta, warin bai motsa ba. Ta yi sallama ta tafi.

Ƙwaryar tana rataye a ɗakina yanzu, zanenta garau. Da damina takan saki ɗan warin nan, sai in ji kamar Kawu yana tsakar gida. Dabararsa kam ta yi aiki: tun ranar ba abin da ya taɓa ƙwaryar nan, har mai ita.