Sunan 'Yar Fari

Tunda aka mai da kowa akwati a kwamfuta, zumunci kuma layin da ke haɗa akwatunan, ƙofar asibiti ba ta buɗe wa marar layi. Ba a jan layin uwa sai ta faɗi sunan 'yarta. Ni 'yar fari ce, Inna ba ta taɓa faɗin nawa ba.

Ma'aikacin ƙofar, wai Injiniyan Dangantaka, ya gyara tabarau. "Malama, a tsarinmu ba ki da uwa."

"To, ranka ya daɗe, tsirowa na yi."

Ya kira ɗakin da Inna take kwance. "Hajiya, sunanta kawai."

"Ai yarinyar nan ce," in ji Inna.

Da la'asar ƙanwata Kubura ta fito. "Yaya, Inna ta cika. Ta faɗi sunanki sau biyu, amma sun riga sun kashe na'urar jan layin."

Na ce, "Kubura, kwaikwaya min yadda ta faɗa."