Kayan Bakin Lungu

"Ke! Sauke wayar nan!" wani tsoho ya daka mini tsawa.

Zuwana na farko ke nan tsohuwar unguwar masu zane. A bakin lungu na ga an ɗora kujeru kan gado, an jingina madubi da keken ɗinki. Gwanin kyau. Na ɗauka aikin masu zane ne, na hau ɗaukar hoto.

Na ce, "Baba, matsa, ba ka san fasaha ba. Kana ɓata mini hoto."

"Fasahar gidanku! Kayana ne, ɗazu aka watso su waje. Wai wata marar imani ta sayi gidan, ko ganinsa ba ta taɓa yi ba."

Na dubi lambar ƙofar da ya nuna. Ita ce a jikin makullin da dillali ya ba ni jiya.