Matar da ke Tagar Kumbo

Sai da ta goya jaririyar, ta ajiye jaka a bakin ƙofa, sannan mijinta ya ɗago kai daga kwamfuta. Tun da ta haihu haka kowace Asabar take ƙarewa: shi yana zana kumbon wani fim da yake ƙauna, ita tana fama da wanki da kwanuka.

"Gidan Yaya zan koma," ta ce. Ko ƙarfin faɗa ba ta da shi.

"Haba Gimbiya, tsaya ki ga wani abu." Ya ƙara girman wata 'yar taga a jikin kumbon. Ga mace a tsaye, da irin ɗaurin ɗankwalinta. "Ke ce. Kina cikin raina kullum."

Ta daɗe tana kallo. A gaban matar akwai famfo da tarin kwanuka.

"Har a sararin samaniya ma wanke-wanke ka ba ni?"

Ya juya ga kwamfutar da sauri. "Zan mayar da ke kujerar matuƙi."

"Bar ta, ta saba." Ta nuna kicin da haɓa. "Ga na gaske can."

Ya miƙe a sanyaye yana naɗe hannun riga. Ta zauna a bakin kujerarsa, takalmi har yanzu a ƙafarta, tana jira ta ji ƙarar ruwa.