Mai Tarwaɗa da Mitar da Ta Nuna Sifili

Sallau, tun ɗazu nake kallonka kana juya sabuwar mitar nan taka kana murmushi. Ajiye ta tukuna ka ji wani misali. Na shekara talatin ina harkar wuta, kuma wanda bai san komai ba bai taɓa tayar mini da hankali ba kamar wanda ya ga an yi sau ɗaya.

An yi wani mutum mai kiwon tarwaɗa a bayan gari. Yana da babban kwami na siminti, da rijiyar burtsatse, da injin jan ruwa irin wanda ake zurawa can ƙasa, wanda muke kira sumo. Wata rana ya ga mai gyaran wuta ya fito da mita mai baki irin na ƙaguwa, ya buɗe bakin ya cafki waya, lambobi suka bayyana, ya faɗi yawan wutar da injin ke ja ba tare da ya yanke komai ba. Abin ya burge shi ƙwarai. Bai yi tambaya ko ɗaya ba, don a ganinsa ba abin tambaya a ciki. Washegari ya shiga kasuwa ya sayo tasa, har yana gaya wa maƙwabta cewa shi da kiran masu gyara sai dai a lahira.

Ana nan bazara ta kankama, kifin sun yi wata biyar, saura mako biyu a kwashe su. Wata safiya ya zubar da tsohon ruwan kwamin kamar yadda ya saba, har abin da ya rage bai wuce idon sawu ba, sannan ya kunna sumo. Ruwa ya zo na ɗan lokaci, bututun ya yi tari, sai ya ɗauke ɗif. Ya ruga ya ɗauko mita ya cafki kebul ɗin da ya gangara cikin rijiya, gaba ɗayansa da rigar robarsa. Sifili. Ya goge bakin mitar da gefen riga ya sake gwadawa, sifili dai. Nan ya yanke hukunci cewa wuta ce ba ta isa wurin injin, sai ya bar makunnin a kunne, wai don da zarar ta dawo ruwa ya zubo nan take. Ya duba fis, ƴar wayar nan da ke tsinkewa in wuta ta yi yawa, lafiya lau. Ya ce to lalle waya ce ta tsinke a inda aka binne ta, ya ɗauki fartanya ya hau tono.

Rana tana hawa, ɗan ruwan da ya saura yana ɗumama. Kifi dubu biyu sun cunkushe a wuri guda, suna hawan juna, suna ɗago baki sama. Ya yi tono kaɗan ya sheƙa ya leƙa kwami, ya dawo ya sake cafkar kebul, gumi na shiga masa ido. Ya roƙi bokiti biyar a wurin maƙwabci ya zuba, ko alama ba su yi ba. Maƙwabcin ya ba shi shawara ya kira mai gyara, amma bakin da ya cika a baya ya riƙe masa ƙafa. Tsoro kam yana cin sa, kunya kuma ta fi tsoron ƙarfi, har aka kira azahar kafin ya sauko ya buga waya.

Mai gyaran da ya iso bai tsaya dogon gaisuwa ba. Ya tsaga rigar kebul ɗin a hankali, ya ware wayoyin da ke ciki, ya cafki guda ɗaya tak. Lambobi suka yi tsalle, sun ninka abin da ya kamata har sau uku. Ya yi wuf ya kashe makunni, sannan ya juyo ya ce, “Malam, ai wutarka ba ta taɓa yankewa ba. Waya ɗaya ke kai ta, ɗaya ke dawo da ita. In ka haɗa su a baki guda, mai tafiya ta soke mai dawowa, sai mita ta nuna maka sifili. Rijiyarka ce ta ja baya saboda zafi. Da ka kashe injin tun safe ka ba ta awa guda, da ta tara ruwa.”

Tun hantsi sumo yake juyawa a busasshen rami har ya cije. Da aka jawo shi ba ya taɓuwa don zafi, ƙaurin ƙonewa ya cika wurin. Kafin a samo wani a ɗaura, la'asar ta yi, tarwaɗa sun juya farin ciki sama, mutumin yana tsaye cikin kwami yana kwashe wahalar wata biyar da kwando.

To ka ji, Sallau. Mitar ba ta yi masa ƙarya ba, abin da ya sa mata a baki shi ta auna. Da bai mallake ta ba sam, da tun safe ya kashe injin ya nemi wanda ya iya. Shi ya sa Hausawa suka ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne.