Kaskon Mai Ginin Tukwane

Ka ce tsoro ya hana ka komawa gida, to zauna in ba ka misali. A wani ƙauye ƙasa ta taɓa girgiza ana gab da yankan gero, katangu suka tsage, rumbuna biyu suka zube. Mutane suka kwashi yara suka tare a gindin dutsen da ke yamma da gari, don can kakanninsu ke ɓuya lokacin yaƙi, wai dutse ba ya motsi. Kullum ƙasa sai ta sake ɗan motsawa, su kuwa su ƙara maƙalewa. Ga gero ya nuna a gabas tsuntsaye na ta biki, ga yunwa ta fara leƙo su, amma ba mai zuciyar sauka.

A cikinsu akwai wata tsohuwa mai ginin tukwane, irin mutanen nan da ba a gaya musu zafin wuta sai sun taɓa. Ta ɗauki kasko uku masu girma ɗaya, ta cika su da ruwa fal, ta rufe da faifai. Ɗaya ta ajiye a gindin dutsen, ɗaya a tsakiyar gari, ɗaya a bakin gonaki. Da ƙasa ta motsa sai ta dogara sandarta ta bi su ɗaya bayan ɗaya, ta tsoma yatsa ta ga iyakar abin da ya zube, ta yi zane a jikin ɗanyen tulu, ta sake cikawa. Har dariya aka yi mata, wai tsufa ya zo da gardama. Ran kwana tara ta dire tulun gaban mai gari. Kaskon dutse kullum shi ya fi zubarwa, har gaɓar yatsa biyu, na gari rabin gaɓa, na gona ko leɓensa bai jiƙe ba. Kuma zanen yau bai kai na jiya ba. Ta ce, “Ranka ya daɗe, a kan bakin abin da ke girgiza mu muke zaune. Ga shi kuma yana gajiya.”

Ranar suka sauka, suka kafa bukkoki a gona, suka yanke geronsu. Wani ƙaton dutse da ya gangaro bayan kwana biyu, murhunsu na dā kawai ya tarar. Ni dai tsohuwar nan tana burge ni, don ita ma tsoron take ji, ta dai auna shi ne. Kai ma je ka duba kafin ka ƙara gudu. Hausawa sun ce, rashin sani ya sa kaza ta kwana a kan dami da yunwa.