Mayafin Inna a kan hoton teku

Na fizge mayafin daga kan hoton, karo na uku ke nan a sati ɗaya.

"Inna, don Allah ki daina rufe min hoton nan. Kayan ado ne fa."

Shago huɗu na zaga kafin na zaɓo shi. Baƙin teku ne, igiyar ruwa ta miƙe kamar za ta haɗiye falon. Ya dace da kujeruna masu ruwan toka, ga ƙawayena suna hanya.

Inna ba ta ɗago ba. Tun da ta zo gidana jinya take ba bangon nan baya.

"Ku mutanen da, ai ba ku san irin wannan ba," na ce, har da 'yar dariyata.

Ta ajiye carbinta.

"Na san shi, auta. Shekara tara ina roƙon Allah kar Ya nuna min shi ko a mafarki. A cikinsa jirgin yayanki ya kife, ko gawa ba mu samu ba. Kabarinsa kika rataya min a falo."

Aka ƙwanƙwasa ƙofa. Kafin in buɗe, ni da hannuna na mayar da mayafin.